Ɗigon Jan Fenti

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da kwalta ba ta wuce bakin kasuwa ba. Ba zan faɗi sunan garin ba, don in na faɗa za ku bar labarin ku koma gardamar ko kakan wane ne. Sunansa Mudi. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko mai unguwa bai san ƙofar gidansa ba. Wani bawan Allah ne mai gyaran lagireto, wato ma'ajiyar ruwan nan da ke gaban mota, wadda ke sanyaya inji kada ya ƙone. Rumfarsa tana bayan tasha: kwano huɗu a kan itace, benci ɗaya, da rabin duro cike da ruwa.

Ku saurara ku ji yadda yake aikinsa. Duk abin da za a ɗaura wa mota na ɓangaren ruwa, lagireto ne, tiyo ne, murfi ne, sai ya duba shi kafin ya taɓa inji. Tsoho ko sabo. Ku riƙe wannan, na ce ko sabo. A kawo masa lagireto a cikin kwalinsa, yana ƙyalli, yana ƙamshin kamfani, Mudi zai fito da shi, ya ɗaga shi a hasken rana, ya bi kowane layi da ɗan yatsa. Sannan ya toshe bakunansa da totuwar masara da ya naɗe da roba, ya haɗa famfon keke, ya cika shi da iska, ya nutsar da shi cikin duron nan. Sai ya tsuguna ya zuba wa ruwan ido. In akwai huda, ko da ba ta fi tsinin allura ba, iska za ta fito, kumfa ta taso. In ruwa ya kwanta har ya gama ƙirga ɗari uku a zuci, sai ya fito da shi ya goge, ya tsoma tsinke a gwangwanin jan fenti, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kafaɗar lagireton. Ɗigo ɗaya tak. Ma'anarsa: na duba, ban ga komai ba.

Direbobi kan tsokane shi. "Malam Mudi, sabo ne fa, yanzu aka fasa kwalin."

Shi kuma ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Wanda ya ƙera shi mutum ne. Yana gajiya, yana jin yunwa, ana kiransa yana tsakiyar aiki."

To daga garin nan akwai hanya da ta yi arewa. Kwana biyu ake yi a cikinta babu rijiya, babu inuwar kirki, sai yashi da gargada. A ƙarshenta akwai gulbi marar gada. Da rani mota kan ratsa shi a bushe. Da ruwa ya sauka sai ya cika, ya raba mutanen ƙetare da sauran duniya har wata huɗu. Mota ɗaya ce ke bin hanyar, gingimarin wani Alhaji Labaran, direbanta kuma Sallau. Duk wanda ya taɓa bin ta ya san abin da ake nufi da inji ya tafasa a tsakiya. Ruwan shan mutane ake ɗura wa mota, in ya ƙare a zauna a ƙarƙashinta ana kallon juna.

Shi ya sa fasinjan hanyar suka koyi wata al'ada. Kafin su hau, sai su ce a buɗe musu bonet, wato murfin inji. Tsohuwar da ba ta san komai a cikin inji ba za ta leƙa, ta nemi jan ɗigon nan. In ta gan shi sai ta ce bismillah, ta miƙa ƙullin kayanta sama.

A ƙetaren gulbin nan ne aka haifi Mudi, kuma a can yayarsa Tabawa take. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, Tabawa ce ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta hana kanta tuwo ta ba shi a shekarar da gero bai yi ba. Ya girma ya taho birni neman sana'a, ya samu, ya yi aure, ya yi 'ya'ya. Rabonsa da ita shekara tara. Ba faɗa suka yi ba, ku fahimce ni. Yana son ta kamar ransa. Duk tafiyar Sallau sai ya ba shi sabulu da sukari ya kai mata, ita kuma ta aiko da kuka da daddawa da man shanu a kwalba. In Sallau ya dawo, Mudi zai zaunar da shi a benci ya yi ta tambaya: ta rame? Har yanzu da kanta take zuwa rijiya? Ta tambaye ni? Da ya buɗe kwalbar man shanun nan sai ya daɗe yana shinshinawa, tsakar gidansu ta dawo masa, da turmi, da kaji, da muryarta tana kiransa daga bayan danga. Sai ya rufe kwalbar ya ce, baɗi in Allah ya so da kaina zan je. Baɗi ta zo aiki ya yi yawa. Wata baɗin yaro ba lafiya. Haka, haka, har tara.

A bazarar da nake ba ku labari, Sallau ya dawo da mota tana hayaƙi, tsohon lagiretonta ya ruɓe ya wuce gyara. Bai ko sha ruwa ba ya zo rumfa ya ce, "Malam, yayarka ba ta tashi. Ta ce in faɗa maka haka, kada in ƙara kada in rage: in yana so ya same ni, ya zo kafin ruwa."

A ranar Mudi ya ɗaure kayansa. Turmin atamfa, dabino, sabon bargo. Matarsa Kulu ta yi masa dambun nama na hanya. Alhaji Labaran ya ce kujerar gaba tasa ce. Abu ɗaya ya rage, sabon lagireton da aka aika a sayo a babban birni. Aka jira kwana uku, aka jira bakwai, aka jira goma sha biyu. Kullum da yamma gabas sai ta ƙara duhu. A tasha kuwa mutum arba'in ne ke kwance a kan kayansu, yawancinsu 'yan cin rani masu son komawa gida kafin shuka. Mudi kan fito ya dubi hadari, ya koma ya dubi ƙullinsa a ƙarƙashin benci.

Ranar Laraba bayan azahar lagireto ya iso. Alhaji da kansa ya rako shi rumfa, yana fara'a.

"Malam Mudi, yau dai a yi mana rangwamen wankan nan. Ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Gobe da hantsi muna hanya, har da kai."

"Ba zai ɗauki lokaci ba, Alhaji."

Alhaji ya tafi duba lodi. Sallau yana can ƙarƙashin mota. Mudi ya toshe, ya hura, ya nutsar, ya tsuguna. Ya ƙirga ɗari, ruwa kwance. Ya ƙirga ɗari biyu, ruwa kwance. Zuciyarsa ta riga ta ƙetare gulbi, ta shiga zaure, tana sallama. Yana ɗari biyu da arba'in sai ga kumfa guda, 'yar mitsitsiya, ta taso ta fashe.

Ya ce a ransa iska ce ta maƙale a jikin ƙarfen. Ya girgiza lagireton, ya sake ƙirga daga farko. Ta sake tasowa, daga wuri ɗaya. Ya yi na uku. Ta taso.

Ya fito da shi ya duba. Hudar tana can ƙarƙashin leɓen da aka haɗa kan lagireton da jikinsa, daga ciki, inda dalma ba ta isa sai an ɓalle kan gaba ɗaya. Wuni ɗaya a ɓalle, wuni ɗaya a liƙe, wuni ɗaya a mayar a sake gwadawa. Kwana uku.

Ku saurara, jama'a. Babu wanda ya gani. Babu mutum ko ɗaya a rumfar nan. Gwangwanin fenti yana nan kusa da ƙafarsa, a buɗe. Ya ɗauki tsinken, ya tsoma. Ya san irin hudar nan sarai. Ya taɓa ganin irinta ta shekara ba ta ƙaru ba. Ya kuma taɓa ganin irinta ta yage a wuni ɗaya, da zafi ya haɗu da gargada. Ya tsaya da tsinke a hannu har fentin ya taru a bakinsa, ya ɗiga ya koma cikin gwangwani. Sai ya ajiye tsinken, ya mayar da lagireton cikin ruwa, ya jira Alhaji.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo. "An gama yi wa amarya wanka?"

"Alhaji, zo ka gani."

Alhaji ya tattare riga ya tsuguna. Ya duba, ya duba. "Ni ban ga komai ba."

"Dakata kaɗan."

Kumfa ta taso.

"Wannan? Wannan da ba ta kai ƙwayar gero ba? Ai numfashin sauro ya fi ta."

"Yau haka take. Ban san yadda za ta zama jibi da azahar a tsakiyar hanya ba."

"Zai fashe?"

"Ban sani ba."

"Ba zai kai mu ba?"

"Zai iya kai ku. Zai iya shekara ma."

"To tunda ba ka sani ba, sa ɗigon mana."

"Alhaji, ɗigon nan ba na ban sani ba ne. Na na duba ban ga komai ba ne. Ni kuwa na gani. Ka ba ni kwana uku."

Kada ku ɗauka Alhaji Labaran mugu ne. Ba mugu ba ne, irinmu ne. Ya miƙe ya nuna gabas da hannu. "Ɗaga kai ka duba, Malam. An ce an riga an yi ruwa can inda gulbin ya taso. Kwana uku? Mutum arba'in ne a tashar nan, in gulbi ya rufe sun rasa shukar bana, iyalinsu su ci me? Ba don kaina kaɗai nake magana ba." Sannan ya rage murya. "Yayarka fa? Ita ma kwana uku za ka ce ta jira?"

Mudi ya dubi ruwan duro.

Alhaji ya ga maganar ta shiga, sai ya dafa kafaɗarsa. "Shi ke nan, na ji. Kada ka sa ɗigon. Sallau zai ɗaura shi da kansa, hannunka ba ya ciki. Kai dai gobe ka zo da kayanka ka shige gaba ka zauna. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka sa fenti ba. Shiru kawai za ka yi."

Wallahi sai Mudi ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya ce a ransa, ai gaskiya ne. Na duba, na faɗa wa mai mota, na ƙi sa ɗigo. Me ya rage a kaina? Kuma in ina ciki zan lura da shi a hanya. Ya ce, "To, Alhaji." Ya tafi gida da sauƙin zuciya, har ya yi wa Kulu wasa a kan dambun da ya ce ta cika masa yaji.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Gwaji na farko ƙarya ce tsirara, kowa ya san kamanninta. Na biyun nan ita ce ƙofar da ni da ku muke bi kullum, muna fitowa muna cewa hannunmu a wanke yake.

Gari ya waye. Da hantsi an gama lodi, an ɗaure buhuna, mutane sun taru a gindin mota. Mudi ya iso da ƙullinsa, ya sa wankakkiyar riga, ya miƙa wa Sallau kayan ta taga. Ya kama ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala. A bayansa wani magidanci ya ce, "Direba, buɗe mana bonet mu gani."

Sai wata tsohuwa mai riƙe da jikarta ta ce, "Kai, bar shi, kada ka ɓata mana lokaci. Ba ka ga Malam Mudi da kansa zai shiga ba? Wane ɗigo kuma kake nema?"

Mutane suka yi dariya, suka fara hawa.

Mudi ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Kujerar tana nan gabansa, ko kamu biyu ba ta kai ba. A lokacin ya gane abin da Alhaji ya riga shi ganewa tun jiya: shekara talatin yana ɗiga fenti, har shi kansa ya zama ɗigon. Zamansa a kujerar nan shaida ce, ko ya buɗe baki ko bai buɗe ba.

Ya sauke ƙafarsa.

"Iya," ya ce, "a buɗe."

Sallau ya dubi Alhaji, ya dubi Mudi, ya sauko ya buɗe. Ga lagireto sabo ful yana ƙyalli, kafaɗarsa babu komai. Mudi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na gwada shi jiya sau uku. Akwai huda ƙarama daga ciki. Zai iya kai ku lafiya, zai iya buɗewa a hanya, ban san wanne ba. Gyaransa kwana uku ne, kuma gulbi ba lalle ya jira kwana uku ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe."

Tasha ta kaure da surutu. Wasu suka ce a jira, wasu suka ce gonarsu ba ta san jira ba. A ƙarshe mutum tara suka sauke kayansu, har da tsohuwar nan da jikarta. Talatin da ɗaya suka ce sun ji sun gani, za su tafi.

Mudi ya matsa kusa da Alhaji. "Ranka ya daɗe, yanzu da suka sani, ka bar ni in bi su. Zan lura da shi a hanya."

Alhaji bai yi ihu ba. Fuskarsa ce kawai ta canza. "Ka tsaya a tsakiyar tasha ka kunyata ni, sannan ka hau motata? Ko a kan buhu ba za ka zauna ba."

Sallau ya sa baki, dattawan tasha suka sa baki. Alhaji ya ce ya rantse, magana ta ƙare.

Mudi bai ƙara roƙo ba. Ya koma rumfa ya mirgino duro biyu, ya cika su da ruwa, ya sa aka ɗora a bayan mota. Ya ja Sallau gefe ya ce, "In rana ta take ka tsaya ka bar shi ya huta. In allurar zafi ta haura rabi ka tsaya. Kada ka buɗe murfi sai ya huce. Kayan nan ka kai mata. Ka ce mata..." Sai ya fasa, ya ce, "Ka faɗa mata yadda aka yi. Kada ka gyara."

Mota ta tashi. Ya bi ta da ido har ƙurarta ta kwanta, da wankakkiyar rigarsa a jiki. Kwana uku bayan nan aka yi ruwan farko, kamar da bakin ƙwarya.

Wata huɗu, jama'a. Babu waya a zamanin, babu wasiƙar da ke ƙetare gulbin nan. Bai san ko motar ta isa ba. Bai san ko Tabawa tana raye ba. Duk ruwan da ya sauka a kan kwanon rumfarsa sai ya tuna ɗakinta yana yoyo daga kusurwar gabas, ya ce ko an gyara mata. In ya tashi aiki da yamma sai ya taka zuwa ƙarshen tasha, inda hanyar arewa ta fara, ya tsaya yana kallon ciyawa tana rufe sawun taya. Kulu ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, ka ci mana." Ya ce, "Ko ita tana iya ci?" Alhaji ya daina gaishe shi. Wasu a tasha suka ce girman kai ne, mutum ya fifita ɗigon fenti a kan wadda ta goya shi. Yana ji. Bai taɓa amsawa ba, don wani lokaci shi ma yakan tambayi kansa haka. Da safe kuma ya koma gindin duronsa ya tsuguna ya ƙirga ɗari uku.

Sai da aka fara yankan gero, wata ranar da hantsi, ya ji ƙarar injin da ya sani tun daga nesa. Ya zauna har Sallau ya shigo rumfa, ya zauna a benci, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Mudi ya ce, "Yaushe?"

"Kwana goma sha tara bayan isarmu ta cika."

"Allah ya jiƙanta." Mudi ya shafa addu'a. Sannan ya ce, "Lagireton fa?"

"Ya kai mu. Sau bakwai na ƙara masa ruwa, amma ya kai mu. Mun ratsa gulbi ruwa ya kai rabin taya, washegari ya rufe."

"Ashe da na shiga da na same ta."

"Da ka same ta, Malam."

Na san abin da wasunku ke jira. Kuna jira in ce motar ta ƙone a daji, an sha wuya, aka dawo ana ba Mudi haƙuri, Alhaji ya gina masa shago. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan ƙara wa labari sukari don ya yi muku daɗi ba. Motar ta isa. Mudi ne bai isa ba.

Sallau ya ce, "Ta ba ni saƙo. Ranar da muka isa, da ta ji ƙarar mota sai ta sa aka yi mata wanka, aka ɗaura mata zanenta mai kyau, aka jingina ta a bakin ƙofa tana kallon zaure. Sai ni na shiga, ni kaɗai, da ƙullinka. Na faɗa mata komai, ban gyara ba. Sai ta ce, mutum nawa ka ɗauko? Na ce talatin da ɗaya. Ta ce, da masu goyo? Na ce huɗu. Ta ce to. Sannan ta ce in zauna in faɗa mata kamanninka. Ka yi ƙiba ko kana nan yadda kake? Har yanzu kana tafiya kana kallon ƙasa? Gemunka ya yi fari? Na ce rabi ya yi. Ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce, Auta da furfura. Ashe haka take kiranka."

Mudi ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ta ce in faɗa maka ta so ta gan ka. Ta ce kada in ɓoye maka wannan, ta so ta gan ka ƙwarai. Amma ta ce rashin zuwan nan na bana ba laifi ba ne, babu abin yafewa a cikinsa, da ita ce a tashar ita ma so take a faɗa mata. Na shekara taran ne ya yi mata ciwo. Ta ce shi ma ta yafe."

Nan labarin Mudi ya tsaya. Yanzu saura namu.

Darasin a fili yake, ba sai an yi masa ado ba: abin da aka ba ka amanar dubawa, ka duba shi da gaske, kuma abin da ka gani ka faɗe shi, ko da faɗar za ta raba ka da abin da ka fi so a duniya. Gaskiyarka ba ta jiran sakamako. Mudi ya yi daidai tun lokacin da ya sauke ƙafarsa, kafin kowa ya san ko motar za ta isa. Isar da ta yi rahamar Allah ce, ba shaidar cewa hudar ba ta nan ba.

Mu kuwa fa? Mu ne masu cewa ai sabo ne. Mu ne masu cewa ai daga waje aka kawo. Mai shagon magani da ba ya juya kwalba ya duba ranar lalacewa, kana cikin masallacin nan. Magini da ya ga bulo yana marmashewa a hannunsa ya ce filasta za ta rufe, kana nan. Malamin makaranta da ke sa hannu a kan sakamakon yaron da bai iya karanta sunansa ba, kana ji na. In an yi magana sai mu ce Allah zai kiyaye. Allah yana kiyayewa, tabbas, kuma shi ne ya ba ka ido biyu da rabin duro ya ce ka tsuguna. Kada mu ɗauki sunansa mu rufe lalacinmu da shi. Wannan ba tawakkali ba ne, kuma mun sani.

Ku kuma dattawa, da ku nake, cikin girmamawa. Da yawanku kun zama ɗigo ba ku sani ba. In kuka zauna a sahun gaba na wani al'amari, mutane ba sa ƙara tambaya, sai su ce ai wane yana ciki. In kun san akwai huda kuka yi shiru, ba ku tsira ba don ba ku taɓa fenti ba. Zamanku ya riga ya yi magana.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Ba kumfar nan ce ta hana Mudi ganin yayarsa ba. Kumfa ta hana shi tafiya ɗaya ce. Sauran tafiye-tafiyen na shekara tara, shi ya hana kansa, da kalmar baɗi. Da ya je lokacin da gulbi ke bushe, da gaskiya ba ta zo masa da tsada haka ba. A cikinku akwai wanda tasa Tabawar ke jingine a bakin wata ƙofa yanzu haka, ta ɗaura zanenta mai kyau, duk motar da ta wuce sai ta ɗaga kai. Sabulu da sukari sun isa haka. Hanya a buɗe take yau, ban san gobe ba.

Allah ya ba mu idon da ke dubawa, da bakin da ba ya ɓoye abin da ido ya gani, ya kuma sada mu da namu tun suna iya gane muryarmu. Amin.